Daga Tiga zuwa Riruwai: wa zai koya wa malamin da zai koya wa yaranmu sola?

Uwargida, idan kina da ɗa ko 'ya a sakandare, ga wani labari da wataƙila hidimar kuɗin makaranta da ɗinkin yunifom ta sa ya wuce ki. A watan Satumbar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhajar karatu. Ta rage yawan darussan da yara ke ɗauka, sannan ta ware sana'o'i shida da ɗalibi zai zaɓi ɗaya daga ciki: ɗinki, kiwo, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, noman lambu da amfanin gona, sai kuma haɗa wutar sola da gyaranta. Kafin nan, tun 2011, sana'o'in da ke cikin manhajar babbar sakandare sun haura 30, kuma ke shaida ce a kan yadda da yawansu suka ƙare. Malami ya rubuta a allo, yara su kwafa, a yi jarrabawa, a manta.

Biyar daga cikin shidan nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Babu unguwar da ba ta da tela, da wuya ki shiga gidan ƙauye ba ki ga akuya a turke ba, mai gyaran waya kuwa ko a tasha za ki same shi. Sola ce baƙuwar. Da yawa daga malaman da ke aji yau sun gama kwalejin horon malamai tun farantin sola bai hau rufin gidajenmu ba. Malamin kimiyya zai zana miki rana da kibiyoyi suna sauka a kan faranti, ya rubuta bayani da Turanci mai kyau. Amma ki miƙa masa waya ja da baƙa da batir, ki ce ya kunna miki ƙwai ɗaya, a nan za ki ji shiru. Ba laifinsa ba ne, shi ma da alli aka koya masa.

Shi ya sa nake so ki duba cajin wayarki, ki gyara zama, mu bi hanyar kudancin Kano tare: Bebeji, Kiru, Tudun Wada, har Doguwa. Hanya ce da ke farawa daga inda Kano ta tara ruwanta mafi yawa, ta ƙare a can cikin duwatsu inda garuruwa ke nesa da juna. A kowane zango akwai abin da malamin sola ya kamata ya sani, kuma ba a littafi zai same shi ba.

Bebeji

Daga birni sai ki ɗauki titin Zariya. Da kin wuce Kura gari zai buɗe. Ko a tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, nan kore ne shar: shinkafa, alkama, albasa, tumatir. A Kwanar Gafan za ki ga kwandunan tumatir jibge ana loda wa manyan motoci. Duk wannan albarka daga madatsar ruwa ta Tiga take, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Bebeji. An kammala ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma tana iya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. A jikinta gwamnatin jiha ta gina tashar samar da wuta mai ƙarfin megawat 10.

Amma ki ɗan saurara a bakin gonakin da ruwan kwalbati ba ya kai musu sai an ja. A da ƙarar injin fetur ce ke cika kunne. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin manomin rani ya canza. Yanzu nan da can za ki hango faranti biyu ko huɗu an jingina su da itace, ruwa na bulbulowa daga tiyo ba ƙara ba hayaƙi. Manomi ya riga manhaja gane amfanin rana. Abin da bai samu ba shi ne wanda zai duba masa idan famfon ya tsaya, ba tare da an jira mai gyara daga Sabon Gari ba.

A nan Bebeji ne Bagauda take, mai tafkin nan da iyayenmu ke ba da labarin zuwa yawon sallah. Tsohon otal ɗin wurin ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya. Akwai kuma kwalejin fasaha ta gwamnati a Bagauda, irin makarantun da yara ke koyon aikin hannu su zana jarrabawar NABTEB. A ganina, duk wanda ke son horar da malaman sola na wannan yanki, irin wannan wuri ya kamata ya fara tunawa, ba ɗakin taron otal a cikin birni ba. Makarantar fasaha ta san benci, ta san filaya da sukundireba, ta san warin wayar da ta ƙone.

Sai dai ko malamin da ya iya wayarin ɗin gida yana buƙatar a sake zaunar da shi, domin wutar NEPA da wutar faranti ba hali ɗaya gare su ba. Ta NEPA tana kai da komowa ne a cikin waya. Ta faranti da ta batir hanya ɗaya take bi, tana da kai tana da ƙafa, idan aka juya ja zuwa gurbin baƙa ana iya ƙona na'ura nan take. To me ake ɗora wa malami a kan benci ranar farko? Faranti ɗaya, batir ɗaya, kwantirola, fiyus, ƙwan fitila biyu, da ƙaramar mitar awo.

Ki ɗauke shi kamar ruwan gidanki. Faranti shi ne mai ga-ruwa, da rana kawai yake zuwa. Batir randa ce. Kwantirola ita ce yarinyar da kika tsayar a bakin randa, ta hana a zuba har ya malale, ta kuma hana a kwashe har a kai ga laka. Inbata kuwa, wadda ke juya wutar batir ta koma irin ta NEPA don firji da talabijin, ba a fara wa ɗan koyo da ita, saboda daga nan wuta ta zama mai kisa. A bolt 12 ake fara koyo.

Sai a fita da malaman cikin rana, kowa ya riƙe mita da hannunsa. Farantin da aka ce na bolt 12 ne, idan ba a haɗa shi da komai ba, mita za ta nuna wajen 20 ko sama da haka. Malami zai yi mamaki, kuma wannan mamakin shi ne darasin, don zai gane dalilin da ya sa ba a jona faranti kai tsaye da batir a tafi a bar shi. Sai a haɗa fitila, a ce wani ya ɗora tafin hannunsa a kan gefe ɗaya na farantin. Ƙarfin zai faɗi fiye da girman tafin, saboda ƙananan gidajen da ke jikin faranti a jere suke kamar masu miƙa wa juna bokiti, ɗaya ya tsaya, layi ya tsaya. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai taɓa kafa faranti a ƙarƙashin darbejiya ba.

Akwai kuma abin da ke ba mutanenmu mamaki: faranti haske yake so, ba zafi ba. Lambar da aka rubuta a bayansa an auna ta ne a sanyin digiri 25. A watan Afrilu, kan rufin kwano a Bebeji, jikinsa kan haura digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Ki lissafa, wajen kashi 14 ke nan ya tafi. Shi ya sa ake ɗaga shi a bar iska tana bi ta ƙarƙashi, a ɗan karkata shi yana kallon kudu, kamar digiri 10 zuwa 15, don ya fuskanci rana kuma ruwan sama ya riƙa wanke shi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. A goge rabin jerin farantai a bar rabi, a auna, yara su rubuta bambancin da kansu.

Kwanar Dangora

Mu ci gaba. Kwanar Dangora, a ƙaramar hukumar Kiru, mahaɗa ce: ki miƙe ki tafi Zariya da Kaduna, ki karya hagu ki ɗauki hanyar Jos. Akwai tashar rarraba wutar gwamnati a nan, manyan wayoyi na wucewa ta sama. Amma a ƙasa, a bakin titi, ki duba rumfunan masu cajin waya, wasu da ƙaramin janareta, wasu da faranti a kan rufi, wayoyi jere kamar kifi a kan tire, kowace da lambarta. Kin tuna watan Oktobar 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace muka yi fiye da mako a duhu? A kwanakin nan mai faranti a kan rufi shi ne sarkin unguwa.

A irin wannan rumfa ya kamata malamin lissafi da na kimiyya su kawo yara, domin ga lissafin da ya fi na littafi daɗi. Ke ma ki gwada shi. A ce gidanki na da ƙwai 4 masu wat 5, suna ci awa 5 da dare: 100 ke nan. Fanka ƙarama mai wat 20 ta yi awa 8: 160. Wayoyi 3, kowace ta sha kamar 15: 45. Jimilla wajen 300. Faranti mai wat 100, a ƙasarmu da rana mai ƙarfi ke yin kamar awa 5 a yini, zai kawo 500 a takarda. Cire abin da zafi da ƙura da waya suka ci, kusan kashi 30 cikin ɗari, saura 350. Ya isa, amma da kyar. Yanzu ki jona dutsen guga mai wat 1,000 na minti 20. Ya shanye 333. Abin da faranti ya wuni yana tarawa ya tafi a kan kayan makarantar yara.

Da yaron gida ya iya wannan lissafin, da rigimar "an sayar mana da jabu" ta ragu, don sau da yawa ba jabu ba ne, randar ce ƙarama aka ɗora mata wankin unguwa. Wani lokacin kuma jabun ne da gaske, lambar da ke jikin kwali daban, abin da faranti ke bayarwa daban. Mita ce ke raba gardama. Yarinyar da ta iya riƙe ta za ta raka mahaifinta kasuwa ta cece shi daga asarar kuɗin buhun masara.

Tunda muna tsaye a kan hanyar Zariya, bari in ba ki wani labari da ya faro daga can. A 2008 wata likitar mata daga Kalifoniya ta Amurka, Laura Stachel, ta zo asibitin Ƙofar Gayan a Zariya tana binciken dalilan mutuwar mata wajen haihuwa. Ta ga ungozoma na karɓar haihuwa da fitilar kananzir, ta ga ana jinkirta tiyata saboda babu haske. Mijinta, Hal Aronson, malamin sola ne. Ya haɗa mata ƙaramin samfuri da zai shiga cikin akwatin tafiya don ta nuna wa ma'aikatan, su kuwa da suka gani suka ce a bar musu shi. Daga nan aka samu akwatin sola mai ruwan ɗorawa da ƙungiyarsu, We Care Solar, ta kai dubban ɗakunan haihuwa a ƙasashe da dama.

Abin da ya shafe mu shi ne reshen da ya fito daga baya, We Share Solar. Ana tara malaman makaranta a horar da su, kowanne ya haɗa akwatin da hannunsa, ya yi kuskure, ya kwance, ya sake. Sannan ya koma ajinsa da kayan, yara su kasu rukuni-rukuni su haɗa nasu, a gwada, a tura wa makarantun da ba su da wuta a ƙasashe irin su Kenya da Yuganda. Ki duba abin: duhun wani ɗakin haihuwa a Zariya ya zama darasin kimiyya ga yaran Amurka. Yaran Kiru, da ke tafiyar awa ɗaya ko ƙasa da haka daga Zariya, su ne suka fi cancantar wannan darasi, kuma su ba sai sun tura akwatin wata ƙasa ba. Ajinsu na buƙata, ƙaramin asibitin garinsu na buƙata, rugagen da ke kewayen dajin Dansoshiya na buƙata.

Tudun Wada

Daga kwanar sai ki nufi Tudun Wadan Dankadai, garin shinkafa. Tun daga nesa za ki ji ƙarar injinan casa, ki ga shanya a kan tamfol, ki ga hayaƙin tukwanen turara, aikin da mata ke da babban hannu a cikinsa. Nan zan tsaya a kan 'yan mata, don na san tambayar da ke ranki: sola ba aikin maza ba ne, da hawa rufi da tsani?

Hawa rufi ƙaramin yanki ne na aikin. Sauran duk aikin tebur ne da natsuwa: lissafi, awo, haɗa waya, gano inda ta tsinke, gyaran fitila mai caji. Kuma akwai wata ƙofa da mace kaɗai ke iya shiga. Batir da kwantirola a cikin ɗaki suke, sau da yawa ɗakin matar gida, inda baƙon namiji ba ya shiga sai maigida na nan. Fitila ta mutu ranar Litinin, maigida yana fatauci sai Juma'a, a zauna a duhu. Da a ce 'yar maƙwabta ta koya a makaranta, da kafin magariba an gama.

Ba sabon abu ba ne. Lokacin da Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Yemi Osinbajo, ya buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a Satumbar 2019, akwai ɗalibai mata 20 na jami'ar da aka horar a kan aikin yayin da ake gina ta. A Indiya kuma, a ƙauyen Tiloniya na jihar Rajastan, akwai kwalejin Barefoot da Bunker Roy ya kafa a 1972. Suna ɗauko matan karkara daga Afirka da wasu sassan duniya, da yawansu iyaye ne da kakanni da ba su yi boko ba, su yi wata shida suna koyon haɗa fitilun sola ta hanyar launukan waya da nuni da hannu, tunda ba harshe ɗaya suke ji da malamansu ba. Dalilinsu na zaɓar mata shi ne, saurayi idan ya samu sana'a birni yake nufa, uwa kuwa gida take komawa.

Don haka idan za a tara malamai, a sa malamai mata a ciki da gangan, ba a matsayin cikon benci ba. Yarinya 'yar aji huɗu da ta ga malamarta da hijabinta tana riƙe da filaya ba ta buƙatar a yi mata dogon jawabi.

To ina za a horar da su? Wuraren suna nan. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi, wadda aikinta ke nan, yaye malaman sana'a. Akwai kwalejin Sa'adatu Rimi a Kumbotso, kuma a wannan ƙaramar hukumar ce tashar sola mai megawat 10 da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023 take. Akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, akwai NAPTIN mai horar da ma'aikatan wutar lantarki, akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da ke aiki a kan hasken rana tun 1982. Kano kuma ta taɓa yin irin wannan yunƙuri ta ci nasara. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a ƙarƙashin hukuma ta musamman, da ɗakunan gwaji da malaman da aka zaɓo, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can suna ko'ina a yau. A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ƙofa a buɗe take.

Abin da nake tsoro shi ne irin bitar da muka saba gani: kwana uku, majigi, jaka da biro, shinkafa da kaza, alawus, hoton rukuni. A ɗauko malami ɗaya daga kowace shiyya a ce ya je ya koya wa sauran. Ilimin baka yana jure wannan, na hannu ba ya jurewa. Kamar ki koya wa wata tuƙa tuwo ta waya ne, ita kuma ta koya wa wata ta waya, ta ukun gudaji za ta kawo miki. Horon da zai yi amfani shi ne na makonni a lokacin hutu, malami biyu daga kowace makaranta don idan aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki ɗaya ya rage, kowa ya koma da kayan aiki a hannu, a kuma biyo shi makaranta bayan zango ɗaya a ga ko akwatin na buɗuwa ko yana kulle a ofishin shugaban makaranta don kar ya lalace. Kuma a haɗa shi da mai sana'ar sola na garin, ko da bai da takardar shaida. Shi ya san aiki, malami ya san dalili.

Falgore zuwa Doguwa

Bayan Tudun Wada hanya za ta shiga dajin Falgore, wanda a da ake kira gandun dajin Kogin Kano. Direbobi sun fi son su ratsa shi da rana, ke ma ki yi haka. Itatuwa za su yi tsawo, iska ta yi sanyi, sabis ɗin waya ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. A gefen daji za ki iya hango ɗan faranti kamar faifai a kan bukkar makiyayi, an ɗaure shi da igiya, yana cajin waya da tocila.

Da kin fito kin shiga Doguwa, ƙasar masara da duwatsu, iyakar Kano da Kaduna da Bauchi. Ruwan sama a nan ya fi na birni yawa, kuma wannan ma darasi ne. Lissafin da muka yi a Kwanar Dangora na rana mai haske ne. A watan Agusta, idan hadari ya rufe sama kwana biyu, faranti zai kawo kaɗan, sai abin da ke cikin randa. Gidan nan mai buƙatar 300, a bolt 12, yana shan amfiya-awa 25 a dare ɗaya. Batir mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, don haka mai 50 ake nema, idan kuma ana son ajiyar kwana guda na hadari, mai 100. Batirin litiyom yana jure a sha shi sosai kuma ya fi daɗewa, sai dai tsada. Malamin da aka horar a birni da lissafin birni, idan bai san wannan ba, zai sa yara su haɗa abin da zai yi aiki a Maris ya mutu a Agusta.

A kan batir ne kuma za ki fi sa ido a matsayinki na uwa. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma idan ƙarfe ya haɗa kawunan batir biyu, tartsatsin na iya narka zobe a yatsa ko ya tayar da gobara. Shi ya sa ake cire zobe da awarwaro kafin a fara, ake sa fiyus kusa da batir, ake fara jona batir da kwantirola kafin a jona faranti. Tsohon batir kuwa ba abin wasan yara ba ne, ba kuma abin fasawa a tsakar gida ba. Akwai ruwan guba da dalma a cikinsa, kuma ba mu manta da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Malamin da aka horar da kyau da waɗannan yake fara ajinsa.

Nisa shi ne babbar matsalar Doguwa. Daga nan zuwa Bichi ko Kumbotso tafiyar awanni ce, kuma kowa ya san malamin da aka turo daga birni idonsa na kan takardar komawa. A horar da 'yan asalin wurin, waɗanda gonarsu da iyalinsu ke nan. Kayan gwaji kuwa ba sai an saya duka ba. Ki duba fitilun titi na sola da suka mutu a garuruwan da muka wuce, da rijiyoyin burtsatse da suka daina kawo ruwa alhali farantansu na nan a sama. Sau da yawa farantin lafiyarsa ƙalau, batir ne ya gaji, ko waya ta kwance, ko ƙura ta yi kauri. Da izinin hukuma, kowanne ɗakin gwaji ne a tsaye.

Ke kuma naki aikin ba ya buƙatar ki san bolt. Idan yaro ya dawo ya ce sun yi darasin sola, kar ki tsaya a "me aka koya muku?" Ki tambaye shi: ka taɓa? Ka riƙe mita? Ku nawa ne a kan faranti ɗaya? Idan amsar ita ce a allo aka zana, ki kai maganar taron iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta, ki tambaya ko an tura malamin horo, na kwana nawa, kuma da me ya dawo. Ki tara masa matattun fitilu masu caji da ke cikin kwabarki ya kai makaranta a buɗe su.

Zangonmu na ƙarshe Riruwai ne, hedikwatar ƙaramar hukumar, a tsakiyar duwatsu, kusa da inda ruwan Zainabi ke gangarowa da damina. Garin ma'adinai ne tun kafin zuwan Turawa. Mutanen nan suna narka kuza suna fitar da ita sirara kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwanni, kuma bin sawun wannan kuzar na cikin abin da ya ja kamfanonin Ingila zuwa ƙasar kuza a farkon ƙarni na 20. Har yau tsofaffin ramuka na nan, har yau ana haƙa.

Idan malamin Riruwai ya samu fasasshen faranti ya kawo aji, ya nuna wa yara siraran layukan nan masu ƙyalli da ke haɗa gida da gida a ƙarƙashin gilashi. Jan ƙarfe ne aka lulluɓe da haɗin kuza. Wayar da ake narkawa a liƙe haɗin cikin fitila da rediyo ma akasarinta kuza ce. A ajin nan akwai yaran da iyayensu ke wanke ta a bakin rafi, sun san nauyinta a tafin hannu, sun san farashin kilo, kuma da yawansu ba a taɓa gaya musu inda take zuwa ba bayan motar dillali ta bar gari.